Gyaɗar da Ido Ba Ya Gani

 Da niyyarmu wannan makon mu yi maganar shirin jarrabawa, amma wani abu ya faru a ɗakinmu da ya sa muka jingine waccan maganar sai wani jiƙon.

Mu huɗu ne a ɗaki ɗaya a nan Aliero, cikin gidajen hayar da ɗaliban jami'a ke kamawa. Tukunyarmu ɗaya, kowa ya kawo abin da aka haɗo masa daga gida a zuba wuri guda. Ɗaya daga cikinmu ɗan Maiyama ne, kuma tun ranar da muka fara zama tare ya gaya mana ba ya cin gyaɗa. Ba ƙuli, ba kunun gyaɗa, ba tsire, ba kilishi. Mu kuwa muka samu abin tsokana. Bakabe, haifaffen ƙasar noma, a ce ba ya cin ƙuli? Muka laƙaba masa Bature. Idan ya ce yana da “alaji”, sai wani ya ce to Allah ya kai mu Makka mu ma mu zama Alhazai. Shi dai sai ya yi murmushi. Abu ɗaya ya kafe a kai, kada a yi girki da man gyaɗa, don haka tukunyarmu ta koma ta manja.

Wata Laraba da dare muka dafa garau-garau. Aka zuba manja, aka yanka albasa, abin da ba a rasawa a Aliero, aka barbaɗa yaji daga robar da muke ajiyewa. Bai wuce cokali huɗu ba ya ajiye, ya ce bakinsa na ƙaiƙayi. Muka yi dariya, muka ce yaji ne ya fi ƙarfin Bature. Kafin mu gama cin namu leɓensa ya kumbura, wuyansa da damatsansa sun yi ruɗu-ruɗu kamar wanda tururuwa suka yi wa taron dangi. Sai tari. Sai muryarsa ta dushe, yana magana kamar ana shaƙe shi. Nan dariya ta ƙare. Wani ya ce a ba shi manja ya sha, wani ya ce madara, wani ya ruga neman Piriton.

Allah ya taimake mu, akwai wata ma'aikaciyar jinya a gidan da ke kusa da namu. Tana ganinsa ta ce kada wanda ya ɗura masa komai a baki, kada kuma a bar shi ya miƙe tsaye. Mun riga mun tsayar da ɗan kabu-kabu, ta ce a sallame shi, maigidanta ya fito da mota. Aka jingine shi a kujerar baya. A asibiti aka yi masa allura a cinya, ba a jima ba numfashinsa ya fara dawowa. Duk da haka ba su sallame shi ba sai da gari ya waye, domin an ce mana abin yakan lafa ya sake tasowa bayan wasu sa'o'i.

Likitan ya tambaye mu me ya ci. Muka lissafa: shinkafa, wake, manja, albasa, gishiri, yaji. Ya ce wane irin yaji? A nan ne ɗayanmu ya dafe kai. Ashe kwana biyu kafin nan ya sayo tsire a Jega, ragowar yajin da aka ƙunshe masa a takarda ya juye a robarmu don kada a yi asara. Yajin tsire kuwa kowa ya san da garin ƙuli ake haɗa shi. Mai tsire ba shi da laifin komai, sana'arsa ya yi yadda aka saba. Laifin namu ne, mu da aka gaya wa tun farko muka ɗauke shi wasa.

To mene ne wannan abu? A Hausa mun fi saninsa da borin jini, ko mu ce jinin wane bai haɗu da abu kaza ba. Kun karanta garkuwar jiki a darasin Bayoloji, wato sojojin da ke yaƙar ƙwayoyin cuta. A jikin wasu mutane waɗannan sojoji sukan yi kuskure, su ɗauki wani furotin da ke cikin abinci mai kyau a matsayin abokin gaba. Da zarar ya shigo sai su saki sinadarai, babbansu shi ne histamin. Shi ke sa ƙaiƙayi da ruɗu-ruɗu da kumburi. Idan abin ya tsaya a fata, da sauƙi. Idan ya kai ga maƙogwaro da huhu, ko jijiyoyin jini suka saki har jini ya yi ƙasa, shi ne likitoci ke kira anafilaksis, kuma yana iya kashe mutum cikin ƙasa da sa'a guda. Yawanci alamun na fitowa ne daga 'yan mintoci zuwa sa'a 2 bayan cin abincin.

Kada mu haɗa shi da gurɓataccen abinci. Idan aka ci shinkafar da ta kwana ta lalace, ko aka sha ruwa mai ƙwayar cuta, yawancin waɗanda suka ci za su kwana zarya bayi. Borin jini kuwa mutum ɗaya yake kamawa, sauran su lashe kwano su kwana lafiya. Wannan ne ma ya sa ake saurin ƙaryata mai shi: ai duk mun ci, me ya sa kai kaɗai? Haka kuma daban yake da abin da ke samun wanda ya sha madara cikinsa ya yi ta ƙugi da kumburi. Wannan ƙarancin sinadarin narkar da sukarin madara ne, yana da takura amma ba ya shaƙe mutum, kuma da yawa daga masu shi suna shan nono da kindirmo ba tare da wata damuwa ba.

Ga abin da ma'aikaciyar jinyar nan ta nanata mana, muna roƙon ku riƙe shi. In wani ya ci abinci sai kuka ga kumburin leɓe ko harshe, ko muryarsa ta canja, ko numfashi na fita da ƙyar yana ƙara kamar na mai asma, ko ya yi ta amai, ko jiri ya ɗebe shi, to ba lokacin shawara ba ne. A kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa. Idan numfashi ne ya fi damunsa a bar shi ya zauna a jingine. Kada a sa shi tafiya da ƙafa, kada a ɗura masa manja ko madara ko wani jiƙo, domin wanda maƙogwaronsa ke rufewa yana iya shaƙewa da su. Piriton yana rage ƙaiƙayi, amma ba ya buɗe maƙogwaro. Maganin farko allurar adiranalin ce a tsokar cinya. A ƙasashen Turai masu wannan lalura suna yawo da ita a jaka, an yi ta kamar alƙalami, su caka wa kansu. A nan tana da tsada da wuyar samu, don haka gudu zuwa asibiti mafi kusa shi ne namu. Da kun isa ku faɗi abin da ya ci da lokacin da ya ci, kada ku tsaya kame-kame. Wanda kuma yake da asma tun asali, hatsarinsa ya fi yawa.

Bayan abokinmu ya dawo, muka zauna muka fara lissafin inda gyaɗa take a abincinmu. Wallahi sai da muka tausaya masa. Ƙuli-ƙuli da kunun gyaɗa da dakuwa, waɗannan a fili suke, ana ganinsu a kauce. Matsalar tana wurin waɗanda ba a gani. Labun da ake tsoma kilishi a ciki da tunkuza ake yinsa. Yajin balangu da na gasasshen kifi sau da yawa akwai ƙuli. Miyar taushe, miyar yakuwa, miyar alayyafo, duk akan daka gyaɗa a zuba don su yi kauri. Faten tsaki, dambun shinkafa da zogale, kwaɗon rama, kwaɗon latas, har hoce da muke ci da mai da ƙuli. Ga kuma man suya. Man gyaɗar da matan unguwa ke tatsa a gida ba a tace shi irin tacewar kamfani ba, furotin ɗin gyaɗa yana nan a cikinsa. Ke nan ƙosai da masa da awarar da aka soya da shi duk sun ɗauka, alhali babu gyaɗa ko ƙwaya ɗaya a ƙullinsu.

Wani kuskure da mu ma muka yi ta yi shi ne zaton wuta na kashe abin. Tafasa na kashe ƙwayoyin cuta, gaskiya ne, amma wannan ba ƙwayar cuta ba ce. Furotin ɗin gyaɗa yana jure dahuwa da suya. Tsame gyaɗar daga kwano ma ba ya wadatarwa, domin abin da ya rage a jikin shinkafar ya isa. Ludayin da aka juya miyar taushe da shi aka mayar cikin miyar kuka ya kai saƙo. Wuƙar da mai tsire ya yanka tsire da ita ya yanka maka balangun da ka ce kada a sa wa yaji, ita ma ta kai. Hannu fa? Wanda ya ci ƙuli ya goge a wando ya sa hannu a kwanon taro, ya zuba wa kowa. Man tsabtace hannun nan da muka saba da shi lokacin korona ba ya cire furotin ɗin gyaɗa. Ruwa da sabulu ne ke cirewa.

Ba gyaɗa kaɗai ba ce. A Amurka doka ta ware abinci 9 da dole kamfani ya bayyana su a jikin kwali: madara, ƙwai, kifi, dangin jatan lande da ƙaguwa, gyaɗa, 'ya'yan itatuwa masu ɓawo irin su kashu, alkama, waken suya, da riɗi wanda aka ƙara a watan Janairun 2023. A Turai jerin ya kai 14. Duba su da kyau, kusan duk suna kasuwar Jega. Awara waken suya ce, kuma sau da yawa akan tsoma ta a ƙwai. Akwai daddawar da ake yi da waken suya maimakon kalwa. Kantu riɗi ne. Kifi kuwa a Kabi ba sai an faɗa ba. Ga wani abin mamaki ga masoya soyayyar fara: wanda jatan lande ke tayar wa borin jini, fara ma na iya tayar masa, domin akwai wani furotin iri ɗaya a tsokar jikinsu.

Me ya sa ƙasashen nan suka tsananta a kan rubuta kayan haɗi? Rayuka aka rasa. A watan Yulin 2016 wata yarinya 'yar Ingila mai shekara 15, sa'arku ke nan, mai suna Natasha Ednan-Laperouse, ta sayi burodi mai haɗi a filin jirgin sama na Heathrow a Landan. Ta san riɗi na yi mata illa, ta duba takardar da aka naɗe burodin ba ta ga an rubuta riɗi ba. Ashe an cuɗa shi cikin ƙullin, ba a ganinsa. Cikin jirgi abin ya taso mata a kan hanyar zuwa birnin Nis na Faransa. Mahaifinta ya yi mata allurar nan har sau biyu, amma rai ya yi halinsa. Iyayenta ba su yi shiru ba, suka yi ta fafutuka har aka yi dokar da ake kira da sunanta, wadda ta fara aiki a watan Oktoban 2021. Yanzu duk abincin da shago ya haɗa ya naɗe don sayarwa a can, dole a rubuta duk abin da ke ciki.

A nan gida, kayan kwali da na gwangwani masu lambar NAFDAC suna ɗauke da jerin kayan haɗi, kuma ya kamata mu koyi juya leda mu karanta. To amma kashi nawa na abin da muke ci ne ke zuwa a kwali? Mai ƙosai ba ta da takarda, mai masa ba ta da ita, haka mai tsire. Takardarmu ita ce baki: a tambaya, a kuma faɗi gaskiya. A nan ne muke ganin al'adarmu ta kara, duk da kyanta, take iya jawo matsala. An koya mana ba a raina abincin mutane. Ka je gidan gwaggo ta zubo maka, ka ce ba ka ci, sai a ce girman kai ne ko boko ya ɓata ka. “Haba, ɗan taɓa mana, kaɗan ne ba zai yi komai ba.” Abokinmu ya ce wannan maganar ta fi komai ba shi tsoro, domin sau biyu yana yaro kunya ta sa ya ci, sau biyun kuma sai da aka kwana a kansa. Mai sayarwa ma wani lokaci don kada ciniki ya wuce sai ta ce babu, alhali ba ta tabbatar ba. Da ta ce ban sani ba, da ta yi masa babban alheri.

Kada wani ya karanta wannan ya je gida ya ce a daina cin gyaɗa. Gyaɗa abinci ce mai gina jiki, ita ce ta yi dala a Kano, kuma da ita ake haɗa abincin nan na leda da ake ba yara masu tamowa a asibiti. Mafi yawanmu za mu ci ta har tsufa lafiya lau. Hasali ma binciken da Farfesa Gideon Lack da abokan aikinsa suka yi a Landan kan jarirai 640, wanda aka buga a 2015, ya nuna cewa yaran da aka fara ba abinci mai gyaɗa tun suna 'yan watanni sun fi tsira daga wannan lalura da kusan kashi 80 cikin 100, idan aka kwatanta da waɗanda aka hana har suka kai shekara 5. Ashe iyayenmu da ke dama wa yaro kunun gyaɗa bayan ya cika wata 6 ba su yi kuskure ba. Sai dai ba a ba jariri ƙwayar gyaɗa, tana iya maƙale masa, kuma yaron da fatarsa ke yawan ƙuraje masu ƙaiƙayi a fara nuna shi ga likita.

Akwai wata lalurar da ita ma daga kicin ake kiyaye ta, amma ita ba ta zuwa da gaggawa irin ta abokinmu. A hankali take cin mutum. Sunanta siliyak, kuma abokiyar gabarta alkama ce da sha'ir. Duk wadda ta taɓa kwaɓa fulawa ta san yadda ƙullin ke yin danƙo yana ja kamar roba. Furotin ɗin da ke sa wannan danƙo shi ake kira gulutin. Cikin ƙaramin hanjinmu akwai wasu 'yan tsirai masu kama da gashin tawul, su ke tsotse amfanin abinci su kai jini. Mai siliyak idan ya ci gulutin, garkuwar jikinsa sai ta juya ta afka wa waɗannan tsirai har su shafe. Sai ya zama yana ci amma jiki ba ya samu. Zawo mai yawan dawowa, kumburin ciki, rama, ƙarancin jini, kasala, yaro ya tsumbure ya kasa tsawo. An kiyasta kusan mutum 1 cikin 100 a duniya na da ita, kuma mafi yawansu ba su sani ba.

Yadda aka tabbatar da sanadinta labari ne mai ban tausayi. Wani likitan yara ɗan ƙasar Holan, Willem Dicke, ya daɗe yana zargin alkama. Sai aka yi wata muguwar yunwa a ƙasarsu a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1944 zuwa 1945, burodi ya ɓace. Jama'a na ramewa, amma yaran da ke da wannan cuta sai suka fara samun sauƙi. Da aka kawo agajin burodi, ciwonsu ya dawo. A 1950 ya rubuta sakamakon bincikensa, kuma har yau maganin da ake da shi ke nan, a bar gulutin gaba ɗaya har ƙarshen rayuwa.

Wani zai ce wannan ai ciwon Turawa ne. Haka aka ɗauka shekara da shekaru, sai a 1999 wasu likitoci ƙarƙashin Carlo Catassi na ƙasar Italiya suka buga sakamakon gwajin da suka yi wa yaran Saharawi, mutanen Yammacin Sahara da ke zaune a sansanonin gudun hijira a Aljeriya. Sun samu kashi 5.6 cikin 100 na yaran suna da ita, fiye da ninki biyar na abin da aka saba gani a Turai. 'Yan Afirka ne, a bakin hamadar da mu ma muke gefenta, kuma fulawar agaji ce ta zama babban abincinsu a sansanin. Mu ma mu duba kanmu. A zamanin kakanninmu alkama abincin biki ce da salla: alkaki, funkasau, taliyar murji. Yau fa? Shayi da burodi da safe, fanke ko cincin a tara, taliyar leda da rana, indomi da dare, tuwon semo ranar Juma'a. Duk alkama ce.

Gargaɗi ɗaya a nan. Zawo da rama da ƙarancin jini suna da sanadi da yawa a wurinmu, daga tsutsar ciki zuwa zazzaɓin cizon sauro da sikila, kuma waɗannan su likita zai fara dubawa. Kada wani ya yanke wa kansa hukunci. Ana gano siliyak ne ta gwajin jini, sannan a zura na'ura a ɗebo ɗan ƙanƙanin yanki na hanji a duba, aikin manyan asibitoci irin asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Kuma kada a daina cin alkama kafin gwajin, domin idan aka daina sakamakon zai iya nuna lafiya alhali cutar na nan.

Wanda aka tabbatar yana da ita a ƙasarmu, ta wani ɓangaren ya fi Bature sa'a. Gero, dawa, maiwa, masara, shinkafa, acca, wake, rogo, dankali, doya, babu gulutin a ko ɗaya. A jihar da ta yi suna da noman shinkafa kamar Kabi ba zai kwana da yunwa ba. Tuwon dawa, tuwon shinkafa, fura, koko, duk nasa ne. Amma irin ɓuyan da gyaɗa ke yi, fulawa ma tana yinsa. Ɗanwake asalinsa garin wake da rogo da kuka da kanwa ne, yanzu da yawa da fulawa ake yi. Wasu masu masa na ƙara fulawa don ta yi auki. Ana soya ƙosai a man da aka soya fanke. Wasu dunƙulen miya na kanti ma akwai alkama a jerin kayan haɗinsu. Ma'aunin da duniya ta amince da shi kafin a ce abinci ba shi da gulutin shi ne kada ya wuce miligiram 20 a cikin kilo 1. Ɓurɓushin burodi a kan faranti ya isa ya ƙetare wannan iyaka.

Wurin da ya fi damunmu, kuma ku ne kuka fi kowa saninsa, shi ne gidan niƙa. Wa ake aika kai niƙa da markaɗe idan ba ku ba? Ku tuna yadda ake jera kwanuka. Wannan ta kawo alkama za a yi alkakin biki, na bayanta dawa ce ta tuwon dare, inji ɗaya, ba a kakkaɓe ba. A injin markaɗe kuma, gyaɗar kunu ta wuce, waken suya na awara ya bi, sai waken ƙosai, sai kayan miya. Ga yawancin gidaje wannan ba komai ba ne. Amma gidan da ke da mai lalura ɗaya daga cikin biyun nan, garin farko da ya fito ɗauke yake da ragowar na wanda ya riga ka. Zuwa da sassafe bayan an wanke inji yana ragewa, ware garin farko a ba sauran 'yan gida shi ma yana ragewa, amma babu wanda ya kai a daka nasa a gida, a turmin da ba a daka gyaɗa ko alkama a ciki.

'Yan makarantar kwana, ku naku ya fi wuya, domin ba ku da zaɓi, abin da aka kwaso daga kicin shi ne. Duk wanda ya san wani abinci na tayar masa da borin jini, ya sa iyayensa su sanar da shugaban makaranta da mai kula da ɗakin shan magani a rubuce tun ranar farko, ya kuma gaya wa abokan kwanonsa. Ɓoyewa don gudun tsokana ba dabara ba ce, domin ranar da abin ya taso su ne na kusa. Ku kuma shugabannin ɗalibai masu rabon abinci, idan ƙaramin yaro ya ce ba ya cin abu kaza, kada ku ce sai ya cinye a gabanku don ku karya masa taurin kai. Masu son gwada mutum ta hanyar ɓoye masa abin a abinci don a ga ko da gaske yake, mun ga abin da rabin cokali na yaji ya yi, ba ma fatan ku gani.

Ranar Asabar da ta biyo baya muka shirya mu uku muka bi ta Jega muka sauka Maiyama, don mu gaishe da mahaifiyarsa mu ba ta haƙuri. Muka durƙusa muka gaishe ta, babbanmu ya ce, “Inna, mun zo ne a yafe mana, sakacinmu ne.” Ta ce, “Ku tashi 'ya'yan nan, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Ni da na haife shi ma sai da na yi kuskure ba sau ɗaya ba kafin na gane.” Ta ce lokacin da yake ƙarami har cewa aka yi iska ce ke taɓa shi, aka yi ta hayaƙi, sai da ta lura da kanta cewa duk ranar da aka yi kunun gyaɗa ne jikinsa ke tashi.

Sai ta kira ƙanwarsa, 'yar aji 2 a ƙaramar sakandare, ta ce ta nuna mana madafa. A gefe guda akwai wata 'yar tukunya da ludayi da muciya, kowanne an ɗaura masa jan zare a mariƙi. Akwai ƙaramin turmi da aka kife a kan dutse. Yarinyar ta ce nasa ake fara dafawa a rufe a ajiye, kafin a taɓa gyaɗar miyar gida. Yajinsa ita ke dakawa, barkono da citta da gishiri kawai. Idan baƙuwa ta zo taya aiki ranar suna ko biki, ita ke tsayawa a bakin madafa tana faɗa mata kada a taɓa masu jan zare. Muka tambaye ta ko ba ta gajiya. Ta dube mu kamar mun yi tambayar banza, ta ce, “To ai Yaya ne.”

Inna ba ta bar mu mun tafi ba sai da muka ci tuwon dawa da miyar kuka, ta kuma cika mana gwangwani da yajin da aka daka a ƙaramin turmin. A hanyar komawa muka tsaya kasuwar Jega muka sayi sabuwar robar yaji mai murfi da ludayi ɗaya. Jan zare ne ba mu samu ba a rumfar da muka shiga, sai muka ɗaura kore.